Ganga nawa za mu bari a ƙarƙashin Agadem?

Tun ranar 28 ga watan Nuwamba na shekarar 2011, da aka buɗe matatar mai ta SORAZ a arewa da birnin Damagaram, zancen man fetur a ƙasarmu bai cika wuce tambayoyi biyu ba: ganga nawa ke fita a kowace rana, kuma nawa ne rabon Nijar a ciki. Ta farko kowa ya haddace amsarta. An soma da ganga dubu 20 domin matatar. Bayan da aka kammala babban bututu mai tsawon kusan kilomita dubu 2, wanda ya taso daga Kulele cikin jahar Difa, ya ratsa jahohin Damagaram, Maraɗi, Tawa da Doso, ya ƙetare ta Gaya har gaɓar teku a Seme ta ƙasar Binin, sai aka tsara ƙarin ganga dubu 90 domin sayarwa waje. Jirgin ruwa na farko ya ɗauki man Nijar cikin watan Mayu na 2024. Amma akwai tambayar da ba mu cika ji ba, ko a rediyo ko a taron ma'aikata, alhali kuwa ita ce za ta yanke yawan abin da ƴaƴanmu za su tarar: daga cikin man da ke kwance a ƙarƙashin Agadem, nawa ne zai fito, nawa ne za a bari a can har abada?

Sai mun fara gyara wata fahimta. Mutane da yawa, har cikin masu aikin ofis, suna zaton mai wani tabki ne a ƙarƙashin ƙasa, a zura masa tiyo a zuƙe shi ƙaf. Ba haka abin yake ba. Mai yana zaune cikin ƴan kafofin da ke tsakanin ƙwayoyin rairayin da ya daskare ya zama dutse, kamar yadda ruwa ke zama cikin tubalin da aka jiƙa. Iskar gas da ruwan da ke tare da shi su ke matsa shi ya taho rijiya, kuma ba ya fita duka. A lissafin masana, idan aka haɗa filayen mai na duniya, abin da ake samun fiddawa bai wuce wajen kashi ɗaya cikin uku ba. Kashi biyu na zama cikin dutse. Matan Maraɗi masu matsar gyaɗa sun san wannan: komai ƙarfin hannu akwai man da ke rage cikin tunkuza, kuma wata ta fi wata iya matsa. Sai dai ita tunkuza ana toya ƙuli-ƙuli da ita. Man da aka bari a zurfin kilomita ɗaya ko biyu kuwa, bayan an toshe rijiyoyi an kwashe injuna, da wuya wani ya sake komawa ta kansa.

A ɗauki misali, domin lissafi kawai. Fili ne mai ɗauke da ganga miliyan dubu ɗaya cikin dutsensa. Idan aka ƙara kashi ɗaya tak cikin ɗari bisa abin da ake fiddawa, an samu ganga miliyan 10 ke nan, wato daidai da man wata uku na ƙasar nan in ana fidda ganga dubu 110 kullum, ba tare da an gano wani sabon fili ba.

To, me ke sa wani fili ya ba da kashi 20, wani ya ba da kashi 50? Kaurin man da irin dutsen suna da nasu rabo, kuma waɗannan ba su hannun mutum. Abin da ke hannun mutum shi ne sanin yadda rairayi da laka suka jeru a can ƙasa, wane rairayi ya haɗu da wane, wace laka ta raba su. Ilimin da ke koyar da haka shi ne ake kira stratigraphie séquentielle da Faransanci. Mu a wannan shafi za mu ce masa karatun zubin ƙasa, kuma mai son gane shi ba sai ya je Difa ba. Tabkin Madarumfa ya ishe shi makaranta.

Kada wani ya ji haka ya sa rai da rijiyar mai a Madarumfa. A kudancin gundumar, wajen Ɗan Isa da Maraka, tsohon dutsen da ƙasa ke zaune a kansa ya fito fili, shi ya sa zinariya ake nema a can. Irin wannan dutse ba ya haihuwar mai. Abin da tabkin ke da shi darasi ne. Da damina, Gulbin Gabi na kawo masa ruwa, Gulbin Maraɗi ma na ƙara masa in ya cika. Ruwan ba ya zuwa shi kaɗai, yana tafe da tsakuwa da rairayi da laka. Da zarar ya iso bakin tabki gudunsa ya ragu, sai ya sauke kaya masu nauyi nan take, laka kuwa mai sauƙi ta wuce har tsakiya kafin ta kwanta. Idan tabki ya cika ya hau tudu, bakinsa ya ja da baya, sai laka ta kwanta bisa wurin da jiya rairayi ne. Idan rani ya yi ruwa ya janye, manoma suka bi shi da shuka, sai ruwan farko na wata damina ya tsaga ƙoramu cikin busasshiyar lakar, ya cika su da rairayi, ya tura shi gaba zuwa tsakiya. Daga wannan janyewa zuwa ta gaba, abin da ya kwanta shi muke kira zubi ɗaya. Kowane zubi yana da tsarinsa: rairayin ƙorama a ƙasa, lakar cikar ruwa a tsakiya, rairayin janyewa a sama. Wanda ya san tsarin, in ya ga ɓangare ɗaya, yana iya faɗin inda sauran suke.

Nan ne asirin yake, kuma muna roƙon mai karatu ya dakata a kansa. Magina rijiya biyu sun yi gini a fadama, tsakaninsu tafiyar minti biyar. Kowannensu ya tarar da rairayi a gaba goma. Mai gaggawa zai ce ai rairayi ɗaya ne, tun da kamarsa ɗaya, zurfinsa ɗaya. Alhali kuwa shimfiɗun ba a miƙe suke kamar tabarma ba, sun karkata wajen tsakiyar tabki. Mai yiwuwa ne rairayin rijiya ta farko na wani tsohon zubi ne, na ta biyu kuma na zubin da ya biyo baya, tsakaninsu akwai laka wadda kaurinta bai fi taƙi ɗaya ba, amma ko ɗigon ruwa ba ya ratsa ta. Masu noman rani a fadamar gulbi, daga Jiratawa zuwa Safo, sun sha ganin irin wannan: wata rijiya ba ta ƙafewa domin ta faɗa cikin tsohuwar hanyar gulbi da rairayi ya binne, ta kusa da ita kuwa sai ta ba da ƴan guga kaɗan. Tsohon salon masana shi ne haɗa dutse da dutse mai kama da shi. Karatun zubi ya ce a haɗa abin da ya kwanta lokaci ɗaya da ɗan uwansa, ko da a nan rairayi ne a can laka.

Ilimin ba tsoho ba ne. Wani malamin jami'a a Amurka, Laurence Sloss, ya nuna a 1963 cewa duwatsun tsakiyar Amurka ta Arewa sun kasu manyan zubi shida, gwargwadon yadda teku ya hau ƙasa ya janye. A 1977 Peter Vail da abokan aikinsa na kamfanin Exxon suka bayyana hanyar karanta zubi daga hoton ƙarƙashin ƙasa, wanda ake samu ta aika girgiza cikin ƙasa a saurari amsa-kuwwarta. Ana haɗa wannan hoto da awon da ake yi cikin rijiya, da curin dutse mai siffar taɓarya da ake yankowa daga zurfi, wanda Faransawa ke kira karas, da kuma ƴan mitsi-mitsin halittu da garin fure da suka daskare cikin laka, masu faɗin zamanin da ta kwanta. Bambancin da ke tsakanin tabkin Madarumfa da filin mai na lokaci ne da girma: can zubi ɗaya na ɗaukar dubban ɗaruruwan shekaru ko miliyoyi, kuma hawa da saukar teku, da lotsawar ƙasa, da sauyin yanayi su ke tafiyar da shi.

Yanzu mu karanta Agadem da wannan ido. Filin yana cikin kwarin Termit, wani babban rami da ya samu sa'ad da nahiyar Afirka ke rabuwa da Amurka ta Kudu, ƙasa ta tsage ta lotsa. Tsawonsa wajen kilomita 600 ne, faɗinsa 150, kuma a inda ya fi zurfi kayan da suka cika shi sun haura kilomita 12. Wajen shekara miliyan 95 da suka wuce, a lissafin masana, teku ya shigo ƙasar nan daga arewa, ya sadu da wanda ya taso daga kudu ta kwarin Binuwai. Wanda ke shakkar teku ya taɓa kwanciya a Nijar, ya dubi dutsen da ake toya siminti da shi a Malbaza, zai ga ɓawon halittun teku a ciki. A kwarin Termit tekun ya bar baƙar laka mai cike da ragowar halittu, wadda aka sa wa suna Donga da Yogu. Lakar Yogu ita ce uwar yawancin man da muke sayarwa. Da teku ya janye, manyan gulabe suka shimfiɗa rairayi mai kaurin ɗaruruwan mita, shi ne Madama. Daga nan ƙasa ta sake tsagewa, tabkuna suka samu, gulabe na zuba cikinsu, suna cika suna janyewa, rairayi bisa laka, laka bisa rairayi. Wannan babi, Sokor na ɗaya, shi ya fi kama da Madarumfa, kuma a cikinsa mafi yawan man yake. Masana sun kasa rairayinsa gida biyar, daga E1 a sama zuwa E5 a ƙasa. A ƙarshe tabki mai zurfi ya rufe komai da laka mai kauri, Sokor na biyu, wadda ta zama murfi. Zafin ƙasa ya dafa lakar Yogu, mai ya bi tsagar duwatsu ya hau, murfin ya tare shi.

Saboda haka man Agadem ba randa ɗaya ba ce, tuluna ne masu yawa, ƙanana, tsagar dutse ta raba wannan da wancan, laka kuma ta raba hawa da hawa cikin tulu ɗaya. Tarihin nemansa ma ya nuna haka. Kamfanin Texaco ya ga alamar mai a rijiyar Madama a 1975. Elf da Esso suka gano Sokor a farkon shekarun 1980, sa'an nan Gumeri da Agadi a shekarun 1990. A 2006 Esso da Petronas suka bar wurin, suna ganin man da aka gano bai kai yawan da zai biya wahalar fitar da shi daga wannan nisa ba. Abin lura, Esso reshe ne na kamfanin nan da aka haifi karatun zubi a cikinsa. Ashe ilimi kaɗai ba ya isa in ba a kashe kuɗin awo da haƙa ba. Kamfanin CNPC na ƙasar Sin ya karɓi filin a 2008, ya yi sabon awo mai nuna ƙasa ta tsawo da faɗi da zurfi, ya haƙa rijiyoyin bincike fiye da ɗari, cikin ƴan shekaru ya samu mai a wurare kusan ɗari. Ƙasar ita ce ta jiya, karatunta ne ya ƙaru.

Samun mai aiki ne, kwashe shi wani aiki ne daban, kuma a nan ne dukiya ke salwanta ba tare da kowa ya gani ba. Idan rijiya ta daɗe tana ba da mai, ƙarfin da ke tunkuɗo shi na raguwa. Sai a haƙa wata rijiya nesa kaɗan a riƙa ɗura ruwa, domin ruwan ya koro man zuwa ta farko. Idan an yi kuskuren maginan nan biyu, aka ɗura ruwa cikin rairayin wani zubi alhali man yana cikin na wani, an yi asarar rijiya da ruwa da shekaru. Idan kuma aka buɗe hawa uku lokaci ɗaya cikin rijiya ɗaya, ruwa zai bi ta rairayin da ya fi manyan kafofi, ya iso da wuri, ya bar man sauran hawan biyu a baya. Haka nan in aka matsa wa rijiya da zuƙa fiye da ƙima, ruwan da ke ƙarƙashin man na tasowa ya toshe masa hanya, rijiyar ta koma ba da ruwa. Taswirar zubi ita ke faɗa wa injiniya inda tsohuwar ƙorama ta bi, inda rairayi ya ƙare cikin laka, inda ya dace a ɗura ruwa, da inda ruwa ya tsallake mai har ya cancanci a haƙa masa sabuwar rijiya.

Maƙwabciyarmu Cadi ta riga mu shan wannan darasi. Filayen Doba, waɗanda su ma rairayin tsofaffin gulabe ne cikin irin kwarin namu, sun soma ba da mai a 2003, ta bututu mai kilomita 1070 zuwa Kribi ta Kamaru. An tsara aikin bisa ganga dubu 225 a rana. Ba a jima ba ruwa ya soma fitowa da yawa, kuma aka tarar rairayin ba a haɗe yake ba kamar yadda aka zata. A 2009 abin da ke fita bai wuce ganga dubu 120 ba. Sai da aka ƙara haƙa ɗaruruwan rijiyoyin da ba su cikin tsarin farko, kuma kowace rijiya da hanyarta gonar wani ta ci. A ɗaya gefen akwai ƙasar Norwe. Filinta na Statfjord, cikin teku, ya soma aiki a 1979 ana sa ran fidda kashi 40 cikin ɗari. Da aka bi shi hawa-hawa ana ɗura ruwa da gas inda ya dace, abin da aka fidda ya haura kashi 60. Ba sa'a ce kawai ba. Tun 1972 ƙasar ta kafa hukumar mai a birnin Stavanger, da masananta na kanta. Doka ta tilasta wa kamfanoni su miƙa mata rabo daga curin dutse da bayanan kowace rijiya, kuma ba a fidda mai sai bisa adadin da gwamnati ta amince da shi.

Wannan batu na ƙarshe shi ya fi shafar mu yau. Kamfani baƙo ne mai wa'adi. Lissafinsa shi ne ya mayar da kuɗinsa da riba kafin wa'adin ya cika, kuma ba laifi ba ne ɗan kasuwa ya yi lissafin ɗan kasuwa. Ƙasa kuwa ba ta da wa'adi. Sai dai ita ma tana iya shiga gaggawa. Cikin watan Afrilu na 2024, lokacin da baitulmali ke cikin matsi bayan takunkumin da aka sa wa ƙasarmu, an karɓi dalar Amurka miliyan 400 daga CNPC bisa alkawarin biya da mai cikin shekara ɗaya, da ruwan kashi 7 cikin ɗari. Buƙata ce ta kawo haka, kowa ya sani. Amma ranar da mai saye da mai sayarwa duka suke son man ya fito da sauri, lalle ne a samu wani a ma'aikatar ministan man fetur wanda aikinsa shi ne ya buɗe taswira ya ce wannan rijiya ba ta ɗaukar fiye da kaza, a kuma saurare shi.

Irin wannan mutum ba a samun sa da takardar naɗi. Cikin watan Maris na 2025 gwamnati ta umarci shugabanni uku ƴan ƙasar Sin, na CNPC da SORAZ da kamfanin bututu WAPCO, su bar ƙasar, kuma cikin dalilan da aka bayar akwai ratar albashi tsakanin baƙi da ƴan ƙasa. Neman daidaito a albashi da muƙami haƙƙi ne. A ganinmu dai kujerar da ta fi kowace tsada a wannan sana'a ba ta cikin babban ofis. Ita ce ta gaban allon da ake jera awon rijiyoyi ana ja musu layin zubi. Wanda ya ja layin shi ya yanke inda za a haƙa, da yawan man da za a ce ya rage, kuma bisa wannan adadi ake yin kowane ciniki. Yawancin binciken da aka wallafa game da zubin kwarin Termit masanan ƙasar Sin ne suka rubuta shi, da Sinanci ko da Ingilishi. Mun gode da aikin, amma mai gona da ba ya iya karanta takardar awon gonarsa, abin da aka faɗa masa shi zai karɓa.

Dokar man fetur ta 2017 ta ce bayanan da ake tarawa wajen bincike da haƙa mallakar ƙasa ne. Mallaka a takarda ba ta wadatar ba. Curin dutse na lalacewa in ba a adana shi a inuwa cikin akwati mai lamba ba, kuma ba a sake yanko shi sai da sabuwar rijiya ta miliyoyin daloli. Bayanan awo na buƙatar kwamfuta mai ƙarfi da wanda ya iya aiki da ita. Ya kamata rabon Nijar na kowane curi da kwafin kowane awo su kasance cikin ƙasa, a tsare, kuma bayan ƴan shekarun sirrin ciniki a buɗe su ga malamai da ɗaliban makarantar EMIG da Jami'ar Abdu Mumuni a Yamai, da jami'o'in Damagaram da Maraɗi. Kamfanin ƙasa Sonidep, wanda aka daɗe da sani da sayar da tataccen mai, ya shiga aikin nema da haƙa a 2024. Shi zai fi kowa buƙatar waɗannan matasa, kuma horar da mai karatun zubi har ya iya gardama da gwani na ɗaukar shekaru, ba watanni ba.

Muna kuma kira ga ma'aikatar da abin ya shafa, duk shekara in za ta bayyana yawan gangar da aka fidda, ta ƙara adadi biyu ga kowane babban fili: cikin kowace ganga ɗari da ta fito daga rijiya nawa ne ruwa, kuma kashi nawa na man da ke cikin dutse ake sa ran fiddawa kafin a rufe filin. Waɗannan adadi suna hannun kamfanoni, ba sai an yi sabon awo ba. Wanda ya gama ajin yaƙi da jahilci yana iya kwatanta na bana da na bara, ya gane ko ana lallaɓa filin ko ana tatsar sa.

Akwai kuma abin da ba ya cin kuɗi. Daga Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi zuwa Madarumfa tafiyar ƙasa da awa ɗaya ce a mota. Tsakanin watan Maris da Mayu, kafin ruwa ya sauka, gaɓar gulbi na tsaye a yanke kamar bango, shimfiɗunta a fili, ƙasan tabki kuma a bushe har nesa. Malaman ilimin duwatsu su kai ɗalibansu can da shebur da igiyar awo, su gina ramuka biyar a jere daga tudu zuwa bakin ruwa, kowane ɗalibi ya zana abin da ya gani, sa'an nan a ce ya haɗa rami da rami. Su gayyato tsofaffin magina rijiya na garin su duba zanen.